Idan Hukuma Ta Ɗauki Mataki A Kanmu: Yadda Kotu Take Dubawa Da Iyakar Ikonta

(Jawabin da aka gabatar a taron dattawa, sakatarori da ma'ajin ikilisiyoyi. Mun buga shi a nan domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.)

 Ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ba ni zarafin yin magana a kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda muke rasa haƙƙinmu a gaban hukuma saboda rashin sanin hanya. Aikin lauya daban ne da nawa, kuma ba na so kowa ya bar nan yana ganin ya zama lauya. Abin da na kawo shi ne abin da ya kamata kowane sakatare ya riƙe a kansa tun kafin ya taka ofishin lauya.

Bari in fara da abin da ya same mu. Shekarun baya, a wata ikilisiya da na yi hidima, an kawo mana wasiƙa daga wani ofishin hukuma cewa an soke izinin filin da muka daɗe muna sujada a kai. Muka yi addu'a, muka kafa kwamiti, muka shiga kai gaisuwa wurin manya. Yau a ce mana oga ya yi tafiya, gobe a ce mu dawo mako mai zuwa. Da haka wata biyar suka shige. Ranar da muka je wurin lauya, tambayarsa ta fari ita ce, "Yaushe wasiƙar nan ta iso hannunku?" Muka dubi juna. Ba wanda ya rubuta ranar, ambulan ɗin ma an yar. Ya lissafa daga kwanan watan da ke jikin takardar, sai ya ce gajeriyar hanya ta riga ta rufe, sai dai mu bi doguwa. Doguwar nan kuwa ta ci shekaru, ta cinye baikon da muka tara domin sayen kwanon rufi. Rashin sani ya fi dare duhu. A kan wannan gajeriyar hanya nake so in yi magana yau.

1. WACE IRIN ƘARA CE WANNAN?

Akwai irin ƙarar da mutum yake shigarwa domin ya roƙi Babbar Kotu ta duba matakin da wata hukuma ta ɗauka, ta ga ko an bi doka. Hukumar tana iya zama ma'aikatar filaye, ko hukumar tsara birni, ko ƙaramar hukuma, ko jami'ar gwamnati, ko kwamitin bincike, ko ma ƙaramar kotu. Zan riƙa kiranta ƙarar duba matakin hukuma. Mun gaji tsarinta daga dokar Ingila, amma gindinta a yau yana cikin Tsarin Mulkinmu na 1999. Sashe na 6 ya ba kotuna ikon sauraron husuma tsakanin mutum da gwamnati ko wata hukuma, sashe na 36 kuma ya ba kowa haƙƙin a saurare shi da adalci kafin a yanke abin da ya shafi haƙƙinsa.

Ga abin da nake so ku riƙe fiye da kome. A irin wannan ƙara, alƙali ba ya tambaya ko shawarar da hukuma ta yanke mai kyau ce ko marar kyau. Tambayarsa ita ce ko hukumar tana da ikon yin abin da ta yi, da kuma ko ta bi hanyar da doka ta shimfiɗa. Kotun Ƙoli ta bayyana wannan a 1997 cikin shari'ar Gwamnan Jihar Imo da Nwauwa, wadda ta shafi tuɓe wani basarake, inda ta nuna cewa wannan ƙara dabam take da ɗaukaka ƙara, kuma kotu ba za ta sa ra'ayinta a madadin na hukumar da doka ta ɗanka wa aikin ba. Saboda haka wanda ya shiga kotu yana kuka cewa an cuce shi kawai, bai ba alƙali abin kamawa ba. Wanda ya ce, "Ga sashen dokar da aka tsallake, ga takardar da ta nuna haka," shi ne ya kawo abin da kotu za ta yi aiki da shi.

2. ABUBUWA UKU DA ALƘALI YAKE DUBAWA

A 1984 wani babban alƙalin Ingila mai suna Diplock ya tattara dalilan da kotu take rushe matakin hukuma zuwa kashi uku, alƙalanmu kuma suna yawan bin wannan rabo.

Na fari shi ne wuce gona da iri, wato hukuma ta yi abin da doka ba ta ba ta iko ba, ko ta yi amfani da ikonta domin wata manufa dabam. Ku ɗauki maganar fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 a sashe na 28 ta ba gwamna ikon soke izinin fili domin bukatar jama'a mai rinjaye, kamar hanya ko asibiti ko makaranta, ko kuma idan mai filin ya karya sharuɗɗan da ke cikin takardarsa. Ba a ba shi ikon ƙwace filin wani domin kawai ya miƙa wa wani mai kuɗi ya yi harkarsa ba. Dokar ta kuma ce dole jami'in da gwamna ya ba izini ya sa hannu a takardar sokewa, a kuma ba mai filin sanarwa. Sashe na 44 ya faɗi yadda ake isar da sanarwar. Kotun Ƙoli ta nanata a shari'ar Osho ta 1991 cewa sokewar da ba a ba da sanarwarta yadda doka ta ce ba, ba ta da ƙarfi. Jan fenti a jikin bango ba shi ne sanarwar soke izinin fili ba.

Na biyu shi ne rashin bin hanyar adalci. Ƙa'idodi biyu ne a nan: a ji ta bakin kowane ɓangare, kuma kada mutum ya zama alƙali a shari'ar da yake da hannu a ciki. Ƙa'idar fari tsohuwa ce ƙwarai. Jami'ar Kambirij ta ƙwace digirorin wani malami mai suna Bentley ba tare da ta saurare shi ba, a 1723 kotu ta sa a mayar masa, ɗaya daga cikin alƙalan kuma ya tuna musu cewa ko Adamu sai da Allah ya kira shi ya ji ta bakinsa kafin hukunci. A nan gida, a 1983 an yi tarzoma a Jami'ar Maiduguri, aka kafa kwamitin bincike, aka kori ɗalibai da dama. Shugaban kwamitin kuwa shi ne mataimakin shugaban jami'ar, wanda shi kansa yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Ɗaliban suka je kotu, marigayi Gani Fawehinmi ya tsaya musu, a 1986 Kotun Ƙoli ta rushe korar. Ku lura, kotu ba ta ce ba a yi ɓarna ba. Cewa ta yi hanyar da aka bi aka hukunta su ta saɓa wa Tsarin Mulki.

Na uku shi ne matakin da ya fita daga hankali ƙwarai, har ba wata hukuma mai tunani da za ta ɗauke shi. Wannan ya fi sauran wuyar tabbatarwa. Shari'ar da aka fi ambata a kansa ta 1947 ce, daga garin Wednesbury a Ingila. Hukumar garin ta ba wani gidan silima izinin buɗewa ranar Lahadi bisa sharaɗin kada a shigar da yaro ɗan ƙasa da shekara 15. Masu silima suka ce sharaɗin ba shi da ma'ana, kotu ta ƙi sa baki, gama mutane masu hankali suna iya saɓawa a kan irin wannan, doka kuma hukumar ta ba zaɓi. Don haka kada mu dogara ga wannan dalili shi kaɗai.

3. MATAKAN SHIGAR DA ƘARA

Mataki na fari shi ne sanin kotun da ta dace. Kotun majistare da kotun yanki ba su da wannan iko, sai Babbar Kotu. Idan matakin na hukumar jiha ne ko ƙaramar hukuma, Babbar Kotun Jiha za a je. Idan na Gwamnatin Tarayya ne ko wata hukumarta, sashe na 251 na Tsarin Mulki ya kai yawancin irin wannan Babbar Kotun Tarayya. Maganar filin da gwamna ya ba da izininsa kuwa, sashe na 39 na Dokar Amfani da Ƙasa ya kai ta Babbar Kotun Jiha. Idan aka kai ƙara kotun da ba ta da hurumi, duk wahalar da aka sha ta tashi a banza, kome kyawun hujja.

Na biyu shi ne lokaci, inda mu muka faɗi. Kowace Babbar Kotu tana da littafin ƙa'idodinta. A ƙa'idodin Babbar Kotun Tarayya na 2019, Oda ta 34 ce take magana a kan wannan ƙara, ta kuma ce a shigar da ita cikin wata 3 daga ranar da abin ya faru. Jihohi da yawa suna da irin wannan wa'adi, lauya zai duba na jiharku. Ban da haka akwai Dokar Kare Jami'an Gwamnati, wadda ita ma ta sa wa'adin wata 3 ga ƙarar da ake yi a kan abin da jami'i ya yi cikin aikinsa. A 1998, cikin wata shari'a da ta taso daga Jihar Kaduna, Kotun Ƙoli ta ce kariyar ta haɗa har da hukumomi, ba ma'aikaci shi kaɗai ba. Akwai inda dokar ba ta aiki, kamar ƙarar neman mayar da fili, amma mai hankali ba ya jingina ga wannan. Har wa yau, dokokin da suka kafa waɗansu hukumomi sun ce sai an ba su sanarwar niyyar kai ƙara a rubuce, sau da yawa ta wata guda, kafin a shiga kotu. Kun ga ke nan daga cikin wata ukun nan an riga an gutsure wani abu. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.

Na uku shi ne wanda zai shigar da ƙarar. Kotu tana so ta ga mai ƙara yana da ruwa da tsaki a cikin maganar. A 1981, a shari'ar Sanata Adesanya, Kotun Ƙoli ta tsaurara wannan sharaɗi. A 1987 ta sassauta, lokacin da ta yarda Fawehinmi yana da hurumin neman a tilasta wa daraktan gabatar da ƙararraki na Legas ya yanke shawara a kan kisan ɗan jarida Dele Giwa, wanda aka kashe da bam a cikin wasiƙa a 1986. A 2018 kuma ta yarda wata ƙungiya mai zaman kanta ta kai ƙarar kamfanin NNPC a kan malalar mai. A gare mu, abin kulawa shi ne suna. Doka ba ta san "ikilisiyar unguwa kaza" a matsayin mutum ba. Waɗanda ta sani su ne amintattu masu rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Da sunansu ake riƙe fili, da sunansu ake shiga kotu. Idan takardar filinmu tana ɗauke da sunan wani dattijo da ya rasu, ko amintattunmu sun mutu ba a sake naɗa waɗansu ba, to bango ya tsage, ƙadangare kuwa zai sami wurin shiga.

Na huɗu shi ne neman izinin kotu. Ba a shiga wannan ƙara kai tsaye. Lauya zai fara zuwa gaban alƙali shi kaɗai, ba tare da an kira hukumar ba, ya miƙa takardar da ta nuna ko wane ne mai ƙara, abin da yake roƙo da dalilansa, tare da takardar rantsuwa mai tabbatar da abin da ya faru. Alƙali a nan tankaɗe yake yi, yana duba ko akwai maganar da ta isa a saurara. Tun da ɗaya ɓangaren ba ya nan, wajibi ne a faɗi gaskiya duka, har da abin da bai yi mana daɗi ba. Idan daga baya aka gane mun ɓoye wata wasiƙa, ana iya janye izinin.

A wannan mataki akwai iko mai muhimmanci. Idan abin da ake roƙo shi ne a rushe mataki ko a hana ci gaba da shi, alƙali yana iya ba da umarni cewa izinin da ya bayar ya zama dakatarwa har a gama shari'a. Ba ya zuwa da kansa, sai an roƙa kuma alƙali ya amince. Wannan ne yake iya tsayar da katafila.

Na biyar shi ne isar da takardu da sauraro. Bayan an sami izini, dole a kai takardun ga duk wanda abin ya shafa kai tsaye, har da wanda aka ba filin idan akwai shi. A ƙa'idodin Babbar Kotun Tarayya ana sa ƙarar a jerin sauraro cikin kwana 14 bayan samun izini. Hukuma za ta mayar da martani da tata takardar rantsuwa, lauyoyi su miƙa hujjojinsu a rubuce. Yawanci ba a kiran shaidu su tsaya a akwati. Abin da ya sa hanyar take da sauri ke nan, shi ne kuma ya sa takarda ta fi baki. Dattijon da ya san tarihin filin tun daga kakanni ba zai yi amfani ba sai an sa maganarsa cikin takardar rantsuwa. Idan kuwa alƙali ya ga gardamar ta gaskiyar abin da ya faru ce, wadda sai an yi wa shaidu tambayoyi, ƙa'idodi sun ba shi dama a waɗansu lokuta ya mayar da ita ƙara ta yau da kullum. Saboda wannan ne husumar wane ne mai fili takan bi doguwar hanya.

4. ABIN DA KOTU TAKE DA IKON YI

Umarnin rushewa. Lauyoyi suna kiransa da sunan Latin, satiyorari. Kotu tana sa a kawo mata takardun matakin, idan ta ga ya saɓa wa doka ta rushe shi, ya zama kamar ba a taɓa yi ba.

Umarnin hanawa. Wannan na abin da ba a gama ba ne, misali kwamiti ya fara zama a kan maganar da ba shi da hurumi a kai, sai kotu ta tsayar da shi.

Umarnin tilastawa, wato mandamus. Idan doka ta ɗora wa jami'i wani aiki ya ƙi yi, kotu tana iya tilasta masa. A 1981 Kotun Ƙoli ta yi amfani da shi a shari'ar Shitta-Bey ta sa hukumar ma'aikatan tarayya ta mayar da shi bakin aiki. Sharaɗinsa shi ne a nuna an nema an ƙi. Wannan ya shafe mu sosai, mu da takardunmu na neman fili ko izinin gini suke kwana shekaru a ofisoshi ba a ce i ba, ba a ce a'a ba. Neman baki ba ya barin sawu. A rubuta, a sa a buga hatimin karɓa a kan kwafinmu, a sake rubuta tunatarwa. Amma mu gane, inda doka ta ba jami'i zaɓi, kotu za ta tilasta masa ya duba ya yanke shawara ne bisa doka, ba za ta faɗa masa amsar da zai bayar ba.

Bayyana matsayin doka da umarnin tsayarwa. Kotu tana iya furta cewa abu kaza haramtacce ne, tana kuma iya hana hukuma taɓa wuri, na ɗan lokaci ko na dindindin.

Diyya. Ana iya samunta, amma sai an roƙe ta tun farko a cikin takardu, kuma sai irin asarar da doka ta yarda a biya.

5. IYAKAR WANNAN IKO

A nan mutane da yawa suke karaya, don haka gara mu sani tun yanzu. Idan kotu ta rushe mataki, tana iya mayar da maganar ga hukumar da umarnin ta sake dubawa bisa doka. Wato idan an soke izinin filinmu ba tare da sanarwa ba muka yi nasara, hukuma tana iya komawa ta bi hanya daidai. In da gaske hanya za a shimfiɗa a wurin, filin zai tafi, sai dai a yi maganar diyya bisa sashe na 44 na Tsarin Mulki da sashe na 29 na Dokar Amfani da Ƙasa. Wani zai ce to mene ne amfanin wahalar? Amfanin shi ne an tilasta wa mai iko ya faɗi dalilinsa a fili, ya sa hannu a kai. Zalunci da yawa ba ya iya tsayuwa idan aka ce a rubuta dalilinsa.

Sa'an nan waɗannan umarnai ba dole ba ne kotu ta bayar, tana da zaɓi. Tana iya ƙi idan mun yi jinkiri, ko idan doka ta tanadi wata hanyar kai kuka muka tsallake ta, ko idan hannunmu ba shi da tsabta. In mun yi gini ba tare da izinin gini ba, ko mun daina biyan kuɗin ƙasa, mun ba da sandar da za a doke mu. Har ila yau, wannan ƙara ta hukumomin gwamnati ce. Ba a bin ta a kan maƙwabci, ko kamfani mai zaman kansa, ko rikicin cikin gida.

Akwai wata ƙofa kusa da wannan da ya kamata ku sani. Idan ainihin abin da aka taɓa yana cikin Babi na 4 na Tsarin Mulki, kamar 'yancin addini a sashe na 38, ko hana nuna bambanci a sashe na 42, ko tsare mutum ba bisa doka ba, sashe na 46 ya ba da damar zuwa Babbar Kotu. Ƙa'idodin da Babban Jojin Ƙasa Idris Legbo Kutigi ya fitar a 2009 sun cire neman izini da wa'adin lokaci a irin wannan ƙara. Amma dole haƙƙin ya zama shi ne jigon ƙarar, ba wanda aka liƙa daga gefe ba. Ta hanyar kare haƙƙi ce Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Borno, ya yi nasara a Babbar Kotun Maiduguri bayan Gwamnatin Tarayya ta fitar da shi zuwa Chadi a 1980 da cewa shi ba ɗan ƙasa ba ne. Na kawo shi domin mu tuna cewa wannan kariya ta kowa ce, Kirista da Musulmi, ɗalibi da ɗan kasuwa.

6. BAYAN HUKUNCI

Na san tambayar da ke ranku: idan hukuma ta ƙi bin umarnin fa? Yana faruwa, ba zan ɓoye muku ba. Sashe na 287 ya wajabta wa dukan hukumomi da mutane su aiwatar da hukuncin kotu. Wanda ya ƙi, lauya zai sa a kai masa takardar gargaɗi da ake kira Fom 48, in ya ci gaba a bi shi da Fom 49 ya zo ya faɗi dalilin da zai hana a ɗaure shi saboda raina kotu. A 1986, a zamanin soja ma, Kotun Ƙoli ta tsawata wa Gwamnatin Legas wadda ta tura masu bindiga suka fitar da Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi alhali magana tana gaban kotu. Kotun ta ƙi biya wa gwamnati bukatarta tun da ita ma ba ta bi umarnin da aka ba ta ba. Wannan ƙa'ida mu ma ta ɗaure mu. Wanda ya kai magana kotu ba ya komawa ya tara matasa da sanduna. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana da wata 3 ya je Kotun Ɗaukaka Ƙara, ko kwana 14 idan hukuncin na tsakiyar shari'a ne.

7. KO YA DACE MAI BI YA KAI HUKUMA KOTU?

Wani dattijo ya taɓa ce mini zuwa kotu rashin bangaskiya ne. Na girmama shi, amma ban yarda ba. Gargaɗin da Manzo Bulus ya yi wa Korantiyawa a kan 'yan'uwa masu jan juna gaban alƙali ne. Shi kansa Bulus, da mahukuntan Filibi suka sa aka yi masa bulala ba tare da shari'a ba, ya ƙi fita a ɓoye sai da suka zo da kansu. A gaban Festus kuma ya ɗaukaka ƙararsa zuwa wurin Kaisar. Kotu ɓangare ce ta hukumar da aka ce mu yi wa biyayya. Wanda ya roƙe ta ta duba matakin wani ofishi bai yi tawaye ba, ya zaɓi hanyar salama ce a maimakon titi. A ci gaba da neman sulhu, a gaida manya, a kai kuka Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Sai dai a tuna, zirga-zirgar sulhu ba ta tsayar da lissafin kwanaki.

8. ABIN DA ZA MU YI IN MUN KOMA GIDA

(a) Kowace ikilisiya ta buɗe fayil guda na takardun fili, taswirar safiyo, izinin gini da rasit na kowane biya, a ajiye kwafi a wani wuri dabam.

(b) Duk wasiƙar hukuma da ta iso, a rubuta ranar da aka karɓa da sunan wanda ya karɓa, a adana ambulan. In fenti aka shafa a bango, a ɗauki hoto ran nan.

(c) A kai ta wurin lauya cikin mako guda, ko da ana sa ran sulhu. A nemi lauyoyin da ke cikinmu tun kafin matsala ta taso, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

(d) A duba rajistar amintattu, a cike gurbin waɗanda suka rasu, a mayar da takardun fili cikin sunansu.

(e) A gyara namu laifin, a biya abin da ake binmu, kada a aza bulo sai da izini.

(f) A ware wani abu kaɗan cikin kasafin shekara domin harkar shari'a.

'Yan'uwa, mu da muke 'yan kaɗan a inda muke zaune ba mu da yawan ƙuri'a, ba mu da manya a kowane ofishi. Amma a gaban alƙali wasiƙa mai hatimi da kwanan wata nauyinta ɗaya ne, ko daga hannun wa ta fito. Ina roƙon kowane sakatare da ke nan, kafin Lahadi mai zuwa ya buɗe akwatin takardun ikilisiyarsa ya ga abin da ke ciki da abin da babu. Allah ya ba mahukuntanmu zuciyar adalci, ya ba mu hikima, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.